Ranar da Kaka Ta Kifar da Tukunyar Filasko

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai wani wari ya tsallako katanga daga gidan maƙwabta ya shige mini hanci. Ban san lokacin da na ajiye farantin ba. Ganyen filasko ne ake dafawa da tsamiya, ko ba a faɗa mini ba na sani. Duk wanda aka taɓa toshe wa hanci aka ɗura masa wannan ruwan don ya yi zawo cikinsa ya wanke, ko ya shekara ɗari ba zai manta warinsa ba. Na ɗaga murya na tambayi matar gidan wa za a ba. Ta ce 'yarta ce cikinta ya ɗaure. Na ce a turo mini ita tukuna. Sai da na kwantar da yarinyar a tabarma na danna gefen cikinta na dama na saki, ta ƙyalƙyale da dariya don cakulkuli, sannan hankalina ya kwanta. Uwar tana ta kallona, irin kallon da ake yi wa tsohuwa mai shisshigi. To, na yarda, ina da shi. Amma zauna ka ji inda na samo shi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gwaram, can wajen Maruta. A lokacin duk Jihar Kano ake kiranmu. Asalinmu Fulani ne da suka gaji da yawo suka zauna suka kama fartanya. Kafin a haife ni Fulatanci ya riga ya bar bakin mutanen gidan, shanun ma sun ragu, sai na noma da 'yan na tatsa. Abin da bai ragu ba ko kaɗan shi ne kunya, musamman kunyar ɗan fari. Ku 'yan yanzu da kuke rungume 'ya'yanku a gaban surukai kuna ɗaukar hoto, da wuya ku gane. A gidanmu uwa da uba ba sa kiran sunan ɗansu na fari, ba sa yi masa wasa, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Ko faɗuwa ya yi a gabansu, sai su kau da kai har wani ya zo ya ɗaga shi. Ni ce 'yar farin Baba. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyarsa, a nan na tashi. In Baba zai aike ni sai ya ce, “Ke, wance,” idonsa yana kan wani abu daban. Ban taɓa jin haushi ba, don haka na ga ana yi a kowane gida.

Kaka doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ba a maimaitawa. Ita ce mai maganin ciki a unguwarmu. Duk ƙarshen damina, in an fara cin sabon gero da ɗanyar gyaɗa yara sun cika ciki da kwamacala, sai ta ɗebo busasshen filasko daga wata ƙwarya da take ratayewa a saman gadonta, ta haɗa da tsamiya da ɗan gutsuren kanwa ta dafa. Da sassafe za a jera mu, namu da na maƙwabta, kowa ƙoƙo ɗaya. Kai, wannan abu da bauri yake! Mai gardama a danne shi. Kafin rana ta take sai ka ga yara suna rige-rigen shiga cikin karan dawa, manya suna zaune a inuwa suna dariya. Washegari kuma a dama mana kunu mai zafi a ce ciki ya wanku sai baɗi. Har daga wasu ƙauyuka ake aiko mata da ƙoƙo, kuma ba ta taɓa hana kowa ba.

Sai dai akwai wani ciwo da ake magana a kansa ƙasa-ƙasa, ana ce masa ciwon gidanmu. Shi ya kashe kakana, mijin Kaka, tun ba a haife ni ba. Shi ya kashe babban wan Baba, ɗan farin Kaka, ina goye. Dukansu ciwon ciki ne na 'yan kwanaki, mutum da ƙarfinsa, sai a wayi gari babu shi. Wasu suka ce sammu ne aka yi wa kakana a kan rigimar wata saniya, ya bi jini. Gwaggo, ƙanwar Baba da take zaune tare da mu, ta fi yarda iska ce. Kaka ba ta taɓa cewa komai ba. Sunan ɗan nata kuwa, da yana raye ba ta faɗa ba, da ya rasu ma ba ta faɗa ba. In dole ta ambace shi sai ta ce “wancan”.

Shekarar da aka canja kuɗi, aka daina fam da sule aka koma naira, ina da kamar shekara goma sha ɗaya. Lokacin cirar gyaɗa ne. Muna gona da safe ina karkaɗe ƙasa daga saiwa, sai na ji wani ciwo ya zagaye mini cibiya, ba mai tsanani ba, kamar na haɗiye iska. Da aka kawo fura na ce ba na sha. Nan take Gwaggo ta dube ni, don ni da fura, ko zazzaɓi nake ba na barin rabona. Da la'asar na yi amai. Washegari da safe ciwon ya bar cibiya ya sauka ƙasa ta gefen dama, ya tsaya wuri ɗaya kamar an kafa ƙusa. Ba na iya miƙewa sosai. Na kwanta na naɗe ƙafar dama, ko tari na yi sai na ji har ƙwaƙwalwata.

Kaka ta fita da wuri gidan wata haihuwa. Gwaggo, da yake mace ce mai zafin nama, ba ta jira ba. Ta sauke ƙwaryar filasko, ta ɗora tukunya a murhu. Ina kwance ina jin warin yana shigowa ɗaki. Mahaifiyata tana can ƙofar ɗakinta tana daka, ina jin taɓaryar tana sauka tana tsayawa, tana sauka tana tsayawa, amma ba halin ta shigo. Baba kuwa ranar bai je gona ba. Yana zaure tun asuba wai yana tufka igiya.

Da Kaka ta dawo ta shigo ta durƙusa a gefena. Ta taɓa goshina. Ta ce, “Daga ina ya fara?” Na nuna cibiya. Ta ce, “Yanzu fa?” Na nuna. Ta sa yatsu biyu ta danna a hankali, sannan ta ɗauke hannun da sauri. Ihun da na yi, an ce har zaure an ji. Na ga fuskarta ta canja, ba zan iya kwatanta maka ba, amma ban taɓa ganinta haka ba. Ta miƙe ta fita. Ta ƙofa ina hango ta, ta nufi murhu, ta sa ƙafa ta ture tukunyar. Ruwan ya kashe wutar, hayaƙi da toka suka tashi.

Gwaggo ta dafe ƙirji. “Inna, lafiya? Maganin yarinyar ne fa!”

Kaka ba ta ko dube ta ba. Ta ce, “A kira mini ubanta.”

Baba ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, igiyar tana hannunsa.

Kaka ta ce, “Yau kasuwar Gwaram, motar 'yan Birnin Kudu tana nan. Ka ɗaura wa shanu amalanke. Asibiti za ka kai ta, kai da kanka.”

Ya ce, “Inna, ai yarinya taku ce. Duk abin da kuka ga ya dace, a sa wani ya raka ku. Ni mene ne nawa a ciki?”

Gwaggo ta cafe. “Asibiti? Yanka ta za su yi! 'Ya mace a farke mata ciki, wa ya ce miki za ta haihu? Haba Inna, ke da ake zuwa wurinki daga nesa? A ba ta ta sha cikin ya wanke, gobe war haka tana gona.”

A nan ne Kaka ta yi maganar da ta fi kowace tsawo a iya zamana da ita. Muryarta ba ta tashi ba. Ta ce, “Da hannuna na dafa wa ubanku. Daga cibiya ya fara, ya koma dama. Ya sha, ya yi ta murƙususu, rana ta uku ya ce ciwo ya tafi, har kaza aka yanka. Kafin kwana biyu cikin ya kumbura ya yi tauri kamar allo. Na ce kwana ne ya ƙare. Da ya zo kan wancan, ina jin nishinsa daga ɗakin nan. Kunya ta hana ni in shiga in taɓa cikin ɗana. Da na taɓa da na gane. Sai na dafa na aika.” Ta juya ga Gwaggo. “Ke kika kai masa ƙoƙon.” Gwaggo ta zauna daɓas a kan turmi. Kaka ta ce, “Sau biyu na ga yadda ciwon nan yake tafiya, kuma sau biyu maganina bai yi komai ba sai ƙara masa gudu. Ban san me Turawa suke yi masa ba, amma na san abin da nawa yake yi.”

Sannan ta dubi Baba. “Ni na yi kunya, na binne nawa. In kai ma taka za ka yi, ga fartanya can jingine, je ka fara haƙa.”

Wallahi ko yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Baba ya miƙe. Ya ajiye igiyar a ƙasa ya fita, ba a jima ba muka ji ƙarar amalanke a ƙofar gida.

Kada Allah ya nuna maka hawan amalanke da wannan ciwo. Damina ta bar hanya duk kwazazzabai, kowane rami sai na ji kamar an soka mini wuƙa. Kaka ta ɗora kaina a cinyarta ta kare ni da mayafinta daga rana. Baba yana gaba yana kora shanun, bai waiwayo ba ko sau ɗaya, amma na lura duk inda hanya ta yi muni sai ya sauka ya riƙe su ya bi da su ta gefe. Mun shiga Gwaram bayan azahar, kasuwa ta cika ta batse, ga warin daddawa da na soyayyen ƙosai, ga kukan awaki. Motar tana nan a bakin kasuwa, babbar mota mai bodin katako, ana loda mata buhunan gyaɗa. Direba ya ce sai lodi ya cika, wajen la'asar sakaliya.

Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar wata rumfa. Can sai na ji abin mamaki. Ciwon ya saki. Na miƙe ƙafata a karon farko tun safe, na ce, “Kaka, ya yi sauƙi. Ƙishirwa nake ji.” Wata mai sayar da nono da take kusa ta ce, “Alhamdu lillahi! Ku koma gida abinku, Allah ya rufa asiri.” Na ga Baba ya sauke numfashi, har fuskarsa ta saki. Ni kaina murna nake, don tsoron wuƙar likita ya fi ciwon damuna.

Kaka kuwa zumbur ta miƙe kamar an tsikare ta. Ta hana a ba ni ko kurɓin ruwa. Ta ratsa 'yan dako ta je har gaban direba, tsohuwar da ko ɗaga ido ba ta yi a gaban baƙon namiji. Ta ce, “Ɗana, wannan sauƙin na san shi, na ƙarya ne. In ka jira lodinka ya cika, gawa za ka ɗauka.” Ya dube ta, ya zo ya leƙa ni, ya koma ya ce wa masu buhuna su yi haƙuri. Suka yi ta masifa, bai saurare su ba. Ya sa mu a gaba ni da Kaka, Baba ya hau baya kan buhuna, muka tashi da rabin kaya. Ban san sunan mutumin nan ba, ban sake ganinsa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Kafin mu isa Birnin Kudu zazzaɓi ya rufe ni, ciwon ya dawo, wannan karon duk cikin. Abin da nake tunawa a asibiti guntu-guntu ne: warin magani, farin bango, da wani likita Ba'indiye mai 'yar Hausa kaɗan da ya taɓa cikina ya fara ba da umarni da sauri. Malamin asibiti ya zo da takarda ya ce sai uban yarinya ya dangwala hannu kafin a yi aiki. Ya tambayi sunana. Baba ya sunkuyar da kai. Kaka ta juya tana kallon taga, da gangan. Malamin ya ƙosa ya ce, “Malam, ba mu da lokaci. 'Yarka ce ko ba 'yarka ba ce?”

Baba ya ce, “'Yata ce.” Sannan ya faɗi sunana, cikakke, a gaban mahaifiyarsa. Ranar na fara jin sunana a bakinsa. Ina cikin wannan azaba amma sai da na buɗe ido na dube shi. Ya dangwala babban yatsansa a tawada ya danna a takardar.

Na farka da safe da roba a gefen cikina da ƙishirwar da ban taɓa jin irinta ba. Likita ya ce abin ya riga ya fara fashewa a hanya, lokacin da na ji sauƙin nan ke nan, da mun koma gida da sai dai wani labarin. Kaka ta ce ita sai an nuna mata abin da aka cire. Aka kawo a cikin wata 'yar kwalba. Ɗan abu ne bai fi ƙaramin yatsa ba, kansa ya yi baƙi. Ta daɗe tana juya kwalbar. Ta ce, “Wannan? Wannan ɗan abin?”

Malamin asibiti yana fassara, likita ya ce sunansa afendis, wata 'yar wutsiya ce a jikin hanji, kowa yana da ita, kuma in an cire ba abin da mutum yake rasawa. In bakinta ya toshe sai ta kumbura ta yi ruwa, in ba a cire ba ta fashe. Ya tambaya ko an taɓa yi a danginmu. Kaka ta ɗaga yatsu biyu. Ya ce ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani, amma akwai gidajen da ya fi yawan zuwa, ba wanda zai iya cewa wane ne na gaba. Sai ya ƙara wata magana, malamin ya yi jim bai fassara ba. Kaka ta ce, “Faɗi, ɗana. Na riga na sani.” Ya ce likita ya ce an yi dabara da ba a ba ni maganin zawo ba, don shi yake hanzarta fashewar.

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa kwalbar, ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ji tana kuka a hankali tana kiran wani suna, tana maimaitawa. Sai daga baya na gane sunan ɗan farinta ne.

Mun yi kusan sati uku a asibitin. Da muka koma gida Kaka ba ta daina dafa filasko ba, kada ka ɗauka ta zama 'yar boko. Amma daga ranar ba ta ƙara ba kowa ba sai ta kwantar da shi ta danna gefen dama da hannunta, kuma ta daina karɓar ƙoƙon aike. In ba a kawo mata mai ciwon ba, ba magani. Baba ya koma “ke, wance” ɗinsa kamar ba abin da ya faru, ni ma ban taɓa tayar masa da zancen ba har ya bar duniya. Gwaggo kuwa, da ta ce ba zan haihu ba, ita ta yi mini wankan jego har sau huɗu cikin bakwai. Duk haihuwa sai na ce, “Gwaggo, ga wani kuma daga farkakken ciki.” Sai ta ce, “Ja'ira, Allah ya shirye ki.”

Yanzu in aka tambaye ni ko ciwon nan gado ne, ba na inda-inda. A gidanmu dai yana zuwa. Bayan ni ya kama ɗan Gwaggo, ya kama ɗana, bara ya kama jikata a Kano, ita ko farke ta ba a yi ba, 'yan huji uku aka yi mata ta dawo gida tana danna waya. Amma na ga waɗanda ba a taɓa yi a zuri'arsu ba su ma ya kwantar da su, na kuma ga 'yan'uwana na jini da suka tsufa bai taɓa su ba. Saboda haka ba na tsorata kowa da gado. Abin da na sani, kuma na tsaya a kai, shi ne kafin ranar nan mun binne biyu, bayanta ba mu binne ko ɗaya ba. Yau hanya ta yi kwalta, babur da ƙananan motoci suna kai mutum Birnin Kudu kafin tuwo ya nuna. Wanda ya zauna a gida da ciwon gefen dama yana jiƙe-jiƙe, ba hanya ce ta hana shi ba.

Ɗan nan nawa da na ambata, shi ne ɗan farina. Yana makarantar kwana aka aiko cewa cikinsa yana ciwo. Ina gidan miji, ga uwar mijina zaune, ga 'yan'uwansa mata. Suka ce a tura ƙanin mijina ya dubo shi. Na ɗauki mayafina na ce ni zan je. Wata ta riƙe haɓa ta ce, “Tabɗi! Ɗan fari? Ke ba ki da kunya ne?” Na ce, “Ba ni da ita, an cire mini tun ina yarinya.” Na je na same shi kwance ya naɗe ƙafar dama, na sa hannuna a cikinsa a gaban malamai da ɗalibai, kafin la'asar yana asibiti. Sun yi shekara suna yi da ni a gidan biki da gidan suna, ko a jikina. Yau ga shi nan da furfura a gemu, yana aurar da 'ya'ya, kuma in ya shigo gaishe ni da sunansa nake kiransa, da ƙarfi, kowa yana ji.